Ƙwaya Ɗaya, Magani Uku: Hattara da Maganin Mura a Lokacin Hunturu

Jawabin da wani tsohon ɗan ƙungiya, ma'aikacin farmasi a Damagaram, ya gabatar a wajen bikin



Godiya ta tabbata ga Allah da ya nuna mana wannan rana, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu, sallallahu alaihi wa sallam. Malamanmu, iyayenmu, shugabannin ƙungiya na da da na yanzu, ƙannena maza da mata, barkanmu da wannan biki.

Da aka ce in zo in yi magana a kan lafiya, na san wasunku sun ce a ransu, to, ga wani kuma zai zo ya yi mana faɗan tramol. Ku kwantar da hankalinku, wannan an yi muku shi har kun haddace. Ni abin da na zo da shi yau ƙarami ne a ido, wato maganin mura. Shi ne maganin da ba mai jin kunyar saye: malami na sha, ɗalibi na sha, tsohuwa na aiken jikanta ya sayo mata. Shekarun da na yi a bayan kantar farmasi sun nuna mini gaskiyar Bahaushe da ya ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Magana ɗaya nake so ku tafi da ita gida. Ƙwayar mura da kuke gani guda ɗaya, yawanci magani uku ne aka cure wuri ɗaya. Kafin ka haɗiye ta, juya kwalin ka karanta abin da ke ciki. Sauran jawabina duka bayanin wannan ne.

Hunturu da hancinmu

Mu mutanen Damagaram ba sai an ba mu labarin hunturu ba. Daga Nuwamba har zuwa wajen Maris iskar gabas maso arewa na ɗauko ƙura, mafi yawanta daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, wanda masana ke cewa duk duniya ba inda ya kai shi fitar da ƙura. Wata rana ka tashi da safe ka tsaya a Birni, ka duba wajen Zango ba ka ganin komai sai hazo. Ƙara da hayaƙin itace a madafa, da ƙaiƙayin gero lokacin sussuka da sheƙa, da ƙurar da babura ke tayarwa. Duk wannan hanci ne ke fara karɓarsa.

Abu uku ke damun hanci a wannan lokaci, mu kuwa duk mura muke ce musu. Na farko ita ce mura ta gaskiya, wadda ƙwayar cuta ta birus ke kawowa. Tana zuwa da kasala da kaushin maƙogwaro da ɗan zazzaɓi, kuma a sha magani ko kar a sha, cikin kwana 7 zuwa 10 take wucewa. Na biyu shi ne rashin jituwar jiki da ƙura ko hayaƙi ko turare, abin da likitoci ke kira alaji. Shi ba ya zuwa da zazzaɓi. Atishawa ce a jere, ido na ƙaiƙayi yana hawaye, hanci na zubar da ruwa fari tas, kuma duk sanda ka koma cikin ƙurar sai ya dawo. Na uku shi ne ciwon kogunan fuska, wanda a asibiti za ku ji ana cewa sinuzit. Allah ya halicci wasu ƴan koguna a cikin ƙashin kumatu da goshi da tsakanin idanu, kowanne da ƴar ƙofarsa zuwa cikin hanci. In hanci ya kumbura ƙofar ta toshe, majina ta taru a ciki, sai ka ji fuskarka ta yi nauyi. Wanda ya taɓa yi ya sani: da ka sunkuya ruku'u ko sujada sai ka ji kamar goshinka zai faɗo.

Ciwo uku ke nan, kowanne da abin da ya dace da shi. Masu haɗa magani kuwa suka ce bari mu tara komai a ƙwaya guda, kowa ya saya. Sauƙi ne, ba na musu. Amma sau da yawa mutum na shan magani uku alhali guda ɗaya yake bukata, sauran biyun illarsu kawai yake kwasa.

Abin da na gani a aljihun wani ƙanenmu

Wani hunturu da ya wuce, wani saurayi mai kabu-kabu ya shigo mini da kurjewa a gwiwar hannu. Ya ce, "Dokta, a ba ni maganin ƙarfi, kwana uku ke nan barci nake ji a kan babur, yau har na faɗi." Na ce, "Ƙanena, me kake sha?" Ya ce, "Ba komai wallahi, maganin mura ne kawai." Na ce ya zazzage aljihunsa a kan kanta. Sai ga abu uku: katin ƙwayar mura, katin farasitamol, da ƴar fakitin garin nan da ake damawa a ruwan ɗumi. Suna daban, launi daban, wurin saye daban. Shi a ganinsa ɗaya na mura ne, ɗaya na ciwon kai, ɗaya na samun barcin dare.

Muka zauna muka yi lissafi. Ƙwayar mura yana shan biyu sau uku a yini, kowace ɗaya da farasitamol miligiram 500 a ciki, 3,000 ke nan. Farasitamol zalla shi ma biyu sau uku, wata 3,000. Garin dare 500. Jimilla miligiram 6,500 a yini guda, kwana uku a jere, bai sani ba. Barcin kuwa daga wani sinadari ne da ke cikin ƙwayar murar da kuma garin, wato shi ma ninki biyu yake sha. Ban ba shi maganin ƙarfi ba. Asibiti na tura shi a wannan rana aka duba hantarsa. Allah ya kiyaye, ya warware. Amma da fasinja yake ɗauke da shi ranar da ya faɗi, ko da ya ƙara kwana biyu yana sha, da labarin ya sha bamban.

Yanzu bari mu buɗe ƙwayar nan mu ga mutum ukun da ke zaune a cikinta.

Na farko: farasitamol

A kan kwalin da ya zo da Faransanci za ku ga paracétamol, wanda ya biyo hanyar Kano kuma paracetamol, na Amurka acetaminophen. Duk abu ɗaya ne. Doliprane shi ne, Efferalgan shi ne, Panadol shi ne. Yana kuma cikin Fervex da Actifed Rhume da Mixagrip da Procold. Magani ne mai kyau, yana sauke zazzaɓi yana kashe ciwon kai. Matsalarsa ɗaya ce: hanta ke sarrafa shi, kuma hanta na da iyakar abin da za ta iya ɗauka.

Ga ƙa'idar babba mai lafiya wanda ya haura kilo 50. Kada ya wuce miligiram 1,000 a sha ɗaya. Ya bar aƙalla awa 4 zuwa 6 tsakanin sha da sha. In shi ke ba kansa magani, ya tsaya a 3,000 a yini. Iyakar ƙarshe ita ce 4,000, ita ma sai da izinin likita. Wanda bai kai kilo 50 ba, da mai ciwon hanta, da wanda ya daɗe ba ya cin abinci sosai, nasu bai kai haka ba. Ku tuna kuma ciwon hanta nau'in B ya yawaita a yankinmu, mutane da yawa na ɗauke da shi ba su taɓa yin gwaji ba.

Abin tsoro shi ne farasitamol ba ya ihu in ya yi yawa. Ranar farko ƙila tashin zuciya kawai za ka ji, ko ma ba komai. Sai bayan kwana biyu ko uku ciwon gefen ciki na dama ya taso, ido ya yi rawaya, a ce shawara ce, a tafi neman saiwa. Akwai makarinsa a asibiti, amma ya fi aiki a cikin awa 8 na farko. Don haka in ka gane kai ko wani ya sha fiye da ƙima, kada ka jira alama. A tafi asibiti da kwalayen a hannu.

Wasu haɗe-haɗen kuma ibuprofène ko aspirine ke ciki maimakon farasitamol. Mai gyambon ciki, da mai ciwon ƙoda, da mai asma, da mace mai ciki su nisance su sai likita ya ce. Aspirine kuwa ba a ba yaro mai zazzaɓi.

Na biyu: mai buɗe hanci

Sunan da za ku fi gani shi ne pseudoéphédrine, wani lokaci phényléphrine. Aikinsa tsuke jijiyoyin jini. In na cikin hanci suka tsuke, kumburi ya sauka, numfashi ya samu hanya. Sai dai ƙwayar da ka haɗiye ba ta san hanyar hanci kaɗai ba. Jini ke ɗaukarta ya zagaya da ita ko'ina, ta tsuke na zuciya, ta tsuke na ƙwaƙwalwa. Shi ya sa jini ke hawa, gaba ke faɗuwa, barci ke ƙauracewa. Yanzu ka ɗora mata shayin fada zagaye uku, da goro, da lemon gwangwanin nan na ƙara kuzari. Ka ga ka haɗa wa zuciyarka aiki.

Ba ni kaɗai ke faɗa ba. Yawancin magungunan farmasinmu tsarin Faransa suke bi, to ita Faransar, hukumarta ta kula da magunguna, ANSM, ta shawarci mutane tun Oktoba 2023 da su bar shan waɗannan ƙwayoyi saboda mura. Daga 11 ga Disamba 2024 kuma ta hana sayar da su sai da takardar likita. Dalilinta shi ne an samu masu bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki bayan sun sha. Ba kasafai yake faruwa ba, gaskiya ne. Amma wa zai yarda ya sa ƙwaƙwalwarsa a caca saboda hancin da zai buɗe da kansa cikin mako guda? Garin neman gira ke nan a rasa ido.

A Amurka kuma, cikin Satumba 2023, kwamitin masana na hukumar FDA ya ce phényléphrine da ake haɗiya ba ya ma buɗe hancin. Akwai kuma wani tsohon ɗan uwansu, phénylpropanolamine, wanda Amurka ta sa aka janye tun 2000 saboda zubar jini a ƙwaƙwalwa. In ka ga wannan suna a kan wani kwali, ajiye shi.

Su wa ya kamata su guje wa mai buɗe hanci gaba ɗaya? Mai hawan jini, mai ciwon zuciya, wanda ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, mai ciwon ƙoda mai tsanani, mai ciwon ido na gilakoma, dattijon da fitsari ke yi wa wuyar fita, mace mai ciki ko mai shayarwa, da yaron da bai kai shekara 15 ba. Ku dubi wannan jeri da kyau. Iyayenmu ne a ciki, kuma ku ake aika ku sayo musu. Wanda ba ya cikin jerin, shi ma kada ya wuce kwana 5. In yana sha sai ciwon kai mai tsanani ya sauko masa farat ɗaya, ko ganinsa ya rikice, ya daina nan take ya nemi likita.

Ƴan ƙwallo da ƴan kokowa, ku ma da naku. A gasar Olamfik ta Sidni a 2000 an karɓe lambar zinariya daga hannun wata yarinya ƴar Romaniya, Andreea Răducan, saboda an ga pseudoéphédrine a fitsarinta. Maganin mura ne likitan tawagarsu ya ba ta.

Akwai kuma na fesawa ko ɗigawa a hanci, masu oxymétazoline ko xylométazoline. Suna aiki nan da nan, shi ya sa ake son su. Amma in ka wuce kwana 3 zuwa 5, hanci sai ya saba. Da ƙarfin maganin ya sauka sai ya toshe fiye da da, ka sake fesawa, ya sake toshewa. Na san mutanen da murarsu ta warke tun bara, amma har yau kwalbar na aljihunsu. Kada kuma a haɗa na fesawa da na haɗiya, aikinsu ɗaya ne.

Na uku: mai sa barci

Wannan shi ne maganin alajin da ke cikin haɗin: chlorphénamine, ko phéniramine, ko triprolidine. Yana rage atishawa da yoyon hanci, amma yana shiga ƙwaƙwalwa ya kashe jiki. Baki ya bushe, ido ya yi nauyi, hannu ya yi jinkirin kama birki. Wani ma ba ya jin barcin, amma hankalinsa ya ragu bai sani ba. Kai mai kabu-kabu, kai direban da ke bin hanyar Tanut ko Magarya ko Matamaye, kai mai injin niƙa, kai mai walda, kai da ke hawa gini, wannan maganar taku ce. Ran fasinja amana ne a hannunka. Ke ɗalibar da ke shirin jarrabawa a Jami'ar André Salifou, in kin ga karatu ba ya zama, duba abin da kika sha da safe.

A kan kwalayen da suka zo daga Faransa akwai ƴar alama mai kusurwa uku da hoton mota a ciki. Ba ado ba ce, gargaɗi ne ga mai tuƙi.

In alaji ne ke damunka, akwai magunguna na baya-bayan nan irin su cétirizine da loratadine. Guda ɗaya ake sha a yini, ba farasitamol a ciki, ba mai tsuke jijiya, kuma barcinsu bai kai na tsofaffin ba, ko da yake wasu na ɗan ji da cétirizine. Wanda alajinsa ke dawowa kowace shekara ya ga likita, akwai na fesawa na musamman da ake rubutawa don haka.

Na ce ba zan yi faɗan tramol ba, amma dole in faɗi wannan. Haɗa mai sa barcin nan da tramol, ko da siron tari mai kodin, ko da ƙwayar barci, yana iya danne numfashi mutum ya kwanta bai tashi ba. Najeriya ta hana yin siro mai kodin da shigo da shi tun Mayu 2018, amma ba a rasa shi a ɓoye. In kana da aboki a wannan hali, faɗa masa.

Wani haɗin kuma da ake ba masu alaji yana da sinadarin kotizon a ciki, za ku ga bétaméthasone ko dexaméthasone. Yana kwantar da ƙaiƙayi da sauri, sai mutum ya mai da shi abincin kullum. Ƴan uwana mata, na san wasu na shan irinsa don su yi ƙiba. Wannan ba ƙiba ba ce, kumburi ne. Yana tayar da suga, yana hawar da jini, yana raunana ƙashi da garkuwar jiki, kuma wanda ya daɗe yana sha ba a yanke masa shi rana ɗaya sai da kulawar likita.

Yara ba ƙananan manya ba ne

Kada a raba ƙwayar babba biyu a ba yaro. Maganin yaro da nauyinsa ake auna shi. Jariri da yaro ƙarami ba a ba su haɗin maganin mura ko kaɗan. A Ingila ma an daina ba yaran da ba su kai shekara 6 ba. Ba a kuma ba yaro siro don ya yi barci uwa ta samu yin aiki. A 2022, yara kusan 70 suka rasu a Gambiya, ƙodarsu ta lalace bayan sun sha wasu siron tari da mura da aka shigo da su, waɗanda aka gano akwai guba a ciki. Iyayen nan ba sakaci suka yi ba, neman sauƙi suka je yi wa ƴaƴansu. Yaro mai mura ruwan gishiri na farmasi yake bukata a hanci, da nono ko ruwa isasshe. In akwai zazzaɓi a kai shi a auna.

Abin da maganin mura ke rufewa

Wannan shi ya fi damuna. Maganin mura ba ya kashe cuta, alamunta yake dannewa. To lokacin hunturu zuwa bazara shi ne kuma lokacin sanƙarau, mu kuwa a tsakiyar yankinsa muke. Ba mu manta ba: daga 1 ga Nuwamba 2022 zuwa 27 ga Janairu 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ba da rahoton mutum 559 da suka kamu a jihar Damagaram, 18 suka rasu, kuma birnin nan ne ya fi yawan masu ciwon. Sanƙarau na farawa da zazzaɓi da ciwon kai, kamar mura. In aka yi ta danne shi da ƙwaya, awannin da za a ceci rai a cikinsu ne ke tafiya. Haka zazzaɓin cizon sauro: ba a gane shi da ido, sai an ɗiga jini an gwada.

Ku riƙe waɗannan alamu. Wuya ya sandare. Ciwon kai irin wanda ba a taɓa ji ba, da amai. Ido ba ya son haske. Mutum na sambatu ko ba ya farkawa sosai. Jijjiga. Kumburi ko ja a kewayen ido. Numfashi na sarƙewa. Maɗigar jariri ta kumbura. Ko ɗaya aka gani, ba zancen farmasi ba ne, a nufi CSI mafi kusa ko Babban Asibitin Ƙasa na Zinder, ko da tsakar dare ne. In kuma zazzaɓi ya wuce kwana 3, ko ciwon fuska ya wuce kwana 10, ko an fara samun sauƙi sai abin ya dawo da ƙarfi, a je a ga majo ko likita. Shi ne zai ce ko ana bukatar kafso irin amoxicilline. Mura ta birus ba ta jin kafso, kuma majina ta yi kore ba hujja ba ce. Shan sa barkatai yana koya wa ƙwayoyin cuta yadda za su gagare shi ranar da ake bukatarsa da gaske.

A ina ka saya?

Na san halin da ake ciki. Mutum na da dala ashirin, farmasi na sayar da kwali, mai tire kuwa zai yanko maka ƙwaya biyu. Ba na zagin kowa, neman abinci suke. Amma ku duba: yawancin magunguna an rubuta a ajiye su ƙasa da digiri 25 ko 30, shi kuwa tiren yini yake a rana a bakin kasuwa. An yanke katin, ba suna, ba ranar lalacewa, ba takardar bayani. Yaya za ka lissafa abin da ba ka san sunansa ba? OMS ta ƙiyasta a 2017 cewa kusan magani ɗaya cikin 10 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi jabu ne ko mara inganci. In kuɗi ne matsala, shiga farmasi ka ce a ba ka jenerik, wato maganin da ke ɗauke da sunan sinadarinsa. Aikinsu ɗaya, kuɗinsa ya fi sauƙi. Tambaya kuma kyauta ce. Faɗa mana abin da kake sha, da ciwon da kake da shi, da aikin da kake yi. Matambayi ba ya ɓata.

Azumi na shigowa hunturu

A 2025 mun ɗauki azumi a farkon Maris, kuma kowace shekara yana matsowa da kwana 10 ko 11. Ke nan shekarun da ke tafe a tsakiyar hunturu za mu riƙa yinsa, Fabrairu da Janairu da Disamba. Kuskuren da nake gani shi ne mutum ya tara na safe da na rana ya haɗiye gaba ɗaya da sahur, wai ya riƙe shi har magariba. Ba a yin haka. Tazarar awa 4 zuwa 6 tana nan, iyakar sha ɗaya tana nan. Mai buɗe hanci da daddare zai hana ka ɗan barcin da ya rage maka, mai sa barci da sahur zai bi ka har kan babur. Zo mu tsara maka lokaci tsakanin buɗa-baki da sahur. Hukuncin ɗiga magani a hanci da rana, da rangwamen da aka yi wa mara lafiya, wannan fagen malamanmu ne, ga su nan zaune, ku tambaye su.

To, me za a yi?

Fara da abin da ba shi da illa. Rufe hanci da takunkumi ko rawani ko gefen mayafi ranar hazo. Yayyafa ruwa kafin shara. Sha ruwa sosai. Wanke hanci da ruwan gishiri: na farmasi, ko ka tafasa ruwa ka bari ya huce, ka zuba rabin ƙaramin cokalin gishiri a kofi guda. A tafasa fa, don mun san yadda ruwa yake a garin nan, wani daga ƴan garuwa yake, wani ya kwana a tulu. Mu da ke shaƙa ruwa muna facewa a kowace alwala, wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ɗaga matashi in za ka kwanta. Zuma da ruwan ɗumi na sauƙaƙa tari, amma ba a ba jaririn da bai cika shekara ba.

In sai an sha magani, sayi na abin da ke damunka kaɗai. Ciwon kai ne, farasitamol zalla. Atishawa da ƙaiƙayi ne, maganin alaji zalla. In ka ɗauki haɗi, to ya zama shi kaɗai, kada ka ɗora masa wani.

Ƙannena, ƙungiyar nan ta saba da aikin gayya, sharar maƙabarta, ziyarar asibiti, ba da jini. Ga wani aikin da ba ya cin ko dala. A gidaje da yawa ku ne masu karanta boko, ku ne masu iya karanta Faransancin kan kwali. Yau in kun koma, ku ce wa Inna ko Baba ko Kaka su fito da ledar magungunansu. Ku zauna ku karanta ɗaya bayan ɗaya. Ku ware masu farasitamol ku ƙirga. Ku duba ko mai hawan jini na shan mai buɗe hanci. Wanda ya lalace ko ba shi da suna ku fitar da shi. Abin da ya shige muku duhu ku kawo mana farmasi, ba za mu karɓi ko sisi ba. Gobe kuma a fada, kafin shayi ya nuna, ku ce kowa ya zazzage aljihunsa kamar yadda na sa wancan ƙanen namu ya yi.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ƙara wa wannan ƙungiya albarka da haɗin kai. Abin da na faɗa daidai Allah ya amfane mu da shi, inda na yi kuskure ku yafe mini.